Wai Wane Kifi Ne Tarwaɗa?

A nan Sabo, in aka ce yau farfesun kifi za a yi, ba sai an tsaya tambaya ba, tarwaɗa ake nufi. Ita ake kai wa mai jego, ita ake dafa wa wanda ya tashi daga zazzaɓi bakinsa ba daɗi, busasshiyarta kuma ita ke rufa wa miyar kuka asiri in wata ya yi nisa nama ya gagara. Kifi ne da muka sani kamar yunwar cikinmu. Amma a 'yan shekarun nan sunansa ya fara rawa a bakinmu. A cikin gida tarwaɗa ce. In an gangara Mokola ko an leƙa Bodija sai ta koma eja aro. In yaranmu suka dawo daga makaranta, ko suka ɗauki waya za su yi oda, sai ta zama katfish. Mutum ɗaya kan faɗi ukun nan duka kafin azahar bai ma lura ba.

To ina laifi? Mu da muke kwana da harshe uku mu tashi da uku, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Inda gizo ke saƙa shi ne sunayen nan uku ba girmansu ɗaya ba. Biyu daga ciki mudu ne, ɗaya kuwa buhu ne. Wanda ya ɗauka duk ɗaya suke, wata rana zai biya kuɗin ragon ruwa ya koma gida da tarwaɗar tanki, ko ya ciyar da baƙonsa abin da baƙon ba ya ci. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu tantance abin da iyayenmu ke nufi in sun ce tarwaɗa, tun da sauran masu iya gyara mana a raye.

Bari mu fara da kifin kansa. Tarwaɗa baƙa ce ta baya, cikinta kuma fari-fari. Ba ta da ɓawo ko ɗaya a jiki, sai fata mai yauƙi. Kanta faffaɗa ne mai tauri, kamar an kifa mata ƙwarya ta ƙashi. Gashin bakinta takwas ne, huɗu a sama huɗu a ƙasa, da su take laluben abinci cikin duhu da ruwan laka, don idanunta 'yan mitsi-mitsi ne. Fiffiken bayanta guda ɗaya ne dogo, ya taso tun daga bayan kai har dab da wutsiya, ita kuma wutsiyar zagayayya ce kamar mafici, ba ta rabu biyu ba. A kowane gefe kusa da kai akwai ƙaya mai ƙarfi, wadda duk wanda ya taɓa kama ta da garaje ya san zafinta. Masana kimiyya suna kiran wadda ake kiwo a ƙasar nan Clarias gariepinus, kuma rabin sunan na biyu daga Gariep aka samo shi, wato wani kogi na Afirka ta Kudu. Ka ji fa. Kifin da muke ganin namu ne na gado, ashe yana nan tun daga can har kogin Nilu.

Abin da ya fi bambanta ta da sauran kifaye yana cikin kanta. Duk matar da ta taɓa fasa kan babbar tarwaɗa ta ga wani abu ja-ja mai rassa kamar ƙaramar bishiya. Da shi take shaƙar iska kai tsaye, kamar mu. Shi ya sa za ka ga an jibge su cikin baho da ruwa kaɗan, tun safe har la'asar suna motsi, alhali karfasa da tuni ta sandare. Shi ya sa take iya jan ciki a ƙasa mai danshi cikin daren damina, ta bar wannan kududdufi ta koma wancan. Shi ne kuma dalilin da ya sa ta mamaye kasuwa: kifin da za a ɗora a mota da ransa, a sauke shi da ransa, a ƙasar da wutar lantarki ba tabbas, ai dole ya fi kowa farin jini wurin ɗan kasuwa.

A Hausa tarwaɗa mace ce, ko da kuwa namijin kifi ne a hannunka. Cewa ake “tarwaɗa ta yi ƙiba”, “kamo ta”, “ta suɓuce”. Shi kuwa kifi, namiji ne. Wannan ya sa za ka ji mutum ya fara zance da “kifin nan ya yi tsada” ya ƙare da “amma dai tana da mai”, kuma ba wanda zai ce ya yi kuskure. Jam'inta a bakin dattawa tarewaɗi ne, kamar yadda garma ke zama garemani. Rabon da mu ji wannan jam'in a unguwar nan an kwana biyu. Yanzu dai “tarwaɗa guda biyar” ake cewa, a wuce wurin.

To, tarwaɗa ba ita kaɗai ke da gashin baki a ruwa ba. Tana da dangi, kuma Bahaushen da ya tashi a bakin gulbi kowanne ya raɗa masa sunansa. Akwai ramboshi, wanda in ba ka lura ba sai ka rantse tarwaɗa ce ta girma. Dubi bayansa: fiffiken ya tsaya a tsakiya, daga nan sai wani tudun nama mai kitse ya ci gaba har wutsiya. Ramboshi ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Akwai ragon ruwa, mai hasken jiki da wutsiya mai reshe biyu, namansa fari, kuɗinsa kuma ya fi nata. Akwai ƙurungu, gajere mai taurin kai da ƙayoyi uku masu kaifi, wanda in an fito da shi yake ƙara kamar yana gunaguni, shi ne ake wa laƙabi da mugun kifi. Akwai minjirya, mai taushin jiki, wadda in ka taɓa ta za ta ja ka kamar ka taɓa wayar wuta. Duk waɗannan ba su da ɓawo, duk suna da gashin baki, amma ba masuncin da zai kira ɗaya da sunan ɗaya.

Shi kuwa Bature sai ya dubi gashin bakin nan ya ce ya yi kama da na kyanwa, ya tattara su duka ya zuba a buhu guda. Katfish ke nan, kifin kyanwa. Tarwaɗa katfish ce, ramboshi katfish ne, ragon ruwa da ƙurungu da minjirya duk katfish. Ba laifinsa ba ne, harshensa ne, kuma in ya shiga ɗakin bincike yana da nasa dogayen sunayen na rarrabewa. Amma mu da muka aro guntun sunan, ba mu aro dogayen ba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, maƙwabtanmu Yarbawa ba su yi wannan haɗakar ba. A wurinsu aro daban, obokun daban. Je ka ce wa Iya eleja ta ba ka obokun a kuɗin aro ka ga irin kallon da za ta yi maka. Ke nan harsuna biyun da suka rene mu duk sun rarrabe, na ukun ne ya cakuɗa, kuma shi yaranmu suka fi riƙewa. Yaron da ya san katfish kaɗai ya yi hasarar sunaye biyar na gidan ubansa da biyu na gidan maƙwabta, ya karɓi guda ɗaya a madadinsu. Wannan ciniki ai faɗuwa ce.

Har ta kai yanzu abin ya juyo ya shigo cikin Hausar kanta. Saurayi zai ga ƙurungu a tire ya ce “ƙaramar tarwaɗa”, ya ga ragon ruwa ya ce “farar tarwaɗa”. Ba Hausa yake yi ba a nan, katfish yake fassarawa. Sunan tarwaɗa ya kumbura ya haɗiye 'yan'uwansa, kamar yadda ita kanta kan haɗiye ƙananan da aka haɗa ta da su a tanki ɗaya. Wasu har gaiwa suke haɗawa a ciki, wai don ita ma tana zama a laka. Alhali gaiwa ba danginta ba ce. Gaiwa kan shige cikin laka ta lulluɓe kanta, ƙasa ta bushe ƙayau a kanta, ta yi watanni a haka har ruwa ya dawo. Tarwaɗa tana da juriya, amma in laka ta bushe sarai, tata ta ƙare.

Yaya aka yi sunan ya biyo mu har nan? Unguwar nan an kafa ta ne a 1916, kuma abin da ya tara kakanninmu shanu ne da goro: shanu su gangaro, goro ya hau. Har wani masani mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan wannan fatauci da yadda masu gida da dillalai ke riƙe da shi. Shanu da goro sun sami mai ba da labarinsu. Kifi kuwa a gefe ya biyo, cikin buhuna da kwanduna da kwalaye, ba ganga ba algaita. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ya kai Maiduguri a 1964, kuma kowane zango da ya ƙara, bandar Tafkin Chadi da ta fadamun Haɗeja da Nguru ta ƙara samun hanyar zuwa Kudu. Ta yamma kuma ga kifin Yawuri da na Kabi, daga hannun Sarkawa waɗanda su ne sana'arsu tun kaka da kakanni, sannan da aka gama madatsar Kainji a 1968 tafkin ya zama wata babbar taska. Yawancin tarwaɗar da iyayenmu suka ci a Ibadan busasshiya ce, baƙa ƙirin, mai ƙamshin hayaƙi. Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a nan sun girma sun yi aure ba su taɓa ganin ta tana iyo a gulbin da aka kamo ta ba. Sunan suka gada, da ɗanɗanon.

Shi ya sa a da in an ce tarwaɗa, ba a tsayawa nan, sai an ƙara da garinta. Ta Baga ce ko ta Yawuri? Ta Nguru ce? Sunan garin shi ne shaidar. Mai saye bai ga ruwan ba, bai ga masuncin ba, bai ga wutar da aka yi bandar ba. Abin da ke hannunsa kawai kalmar mai sayarwa ce, shi ma mai sayarwa kalmar wanda ya aiko masa yake riƙe da ita, har a kai bakin tafki. Duk fataucinmu na nesa a kan wannan aka gina shi. Ba takarda ba hatimi, sai amana.

Abubuwa biyu suka zo suka girgiza wannan tsari. Na farko kiwon kifi. Yau Najeriya na cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan tarwaɗa, kuma ƙasar Yarbawa na cikin manyan cibiyoyinsa. Wanda ya taɓa zuwa Eriwe a Ijebu-Ode ya ga tafkunan kiwo jere reras iya ganinka. A cikin Ibadan ma, bayan gidaje nawa ne ke da tankin siminti ko na tamfol? Cikin wata huɗu zuwa shida kifi ya kai kilo guda in an ciyar da shi yadda ya kamata, ko da yake kuɗin abincin kan cinye fiye da rabin jarin. Har gidajen shaƙatawa suka fito da abin da ake kira poyint-an-kil da Turancin buroka, wato ka nuna wadda kake so a baho a kashe maka ita nan take. Masu ƙyanƙyasa kuma suna haɗa tarwaɗa da ramboshi su fitar da wani iri mai saurin girma, mai guntun tudun kitse a baya. Shi ma tarwaɗa muke ce masa. Kifin ma dai ruwa-biyu ne, kamar da yawa daga cikinmu, kuma ba mu ga ya rage masa daɗi ba.

Na biyu shi ne masifar da ta auka wa Borno. Bayan harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015, da hanin da sojoji suka sa wa safarar kifin yankin na tsawon lokaci saboda zargin 'yan ta'adda na samun kuɗi da shi, banda ta yi ƙaranci, masunta suka watse, dillalai da yawa suka karye. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri. Amma kasuwa ba ta jira. Giɓin da aka samu, tarwaɗar kiwo ce ta cike shi: a kwashe ta daga tanki, a lanƙwasa ta wutsiya a baki, a yi mata hayaƙi a nan bayan gari, ta shigo kasuwa baƙa ƙirin kamar 'yar'uwarta.

Mu faɗi gaskiya, tarwaɗar kiwo ba abin ƙi ba ce. Ta sa talaka cin ɗanyen kifi, abin da a da sai mai hali. Ta ba samarinmu da yawa abin yi, daga masu lodi zuwa masu banda zuwa masu kaiwa gidajen abinci. Abin da muke kuka da shi sunan da ake laƙaba mata ne. Kowa ya san irin cinikin. “Malam, wannan ta ina ce?” “Ta Baga ce, Hajiya, jiya-jiya mota ta sauke.” Alhali kifin nan ko Ilori bai taɓa gani ba. Kuma kada mu yi saurin nuna wasu da yatsa, namu ne suka fi yin wannan, don a bakin Bahaushe ne kalmar Baga ke da daraja. Bayarabiyar da ta tsallake 'yan'uwanta ta zo wurin ɗan Sabo sayen busasshen kifi, don ta yarda ne cewa shi ya san hanyar Arewa. Ran da ta gane an sayar mata da kifin bayan gidanta a kuɗin na Chadi, ba mutum ɗaya za ta daina yarda da shi ba. Cewa za ta yi Hausawa sun lalace. Sunan da kakanni suka yi shekara ɗari suna ginawa, a zubar da shi saboda ribar kwali guda?

Masu ido dai suna ganewa. Ta kiwo kusan kai ɗaya take zuwa, kamar an auna, don rana ɗaya aka zuba su, abinci ɗaya suka ci. Ta gulbi kuwa wata babba wata ƙarama, har a tsinci wani kifin daban a cikin kwalin. Ta kiwo ta fi kitse, za ka ga mai na naso a takarda, namanta kuma ya fi taushi. Ta gulbi namanta a tsuke yake, kanta kan yi kamar ya fi ƙarfin jikinta. Tsofaffin matanmu ba sa ma dogon bincike, su ɓalli kaɗan su shinshina, su ce “ɗana, faɗi gaskiya dai”. Amma ina amfanin a ce sai mai ido ne zai tsira a hannun ɗan'uwansa? Gyaran ai mai sauƙi ne, kalma ɗaya ce: ta kiwo, ta gulbi. Kowacce da kuɗinta, kowacce da mai sonta. Addininmu ma ya hana ɓoye aibin haja, balle a ba ta asalin da ba nata ba.

Akwai kuma wani wurin da sunan ke da nauyi, wato kan tabarmar cin abinci. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, mai ɓawo da marar ɓawo, kuma ba ya bukatar yanka. Amma ba kowa ke kan wannan ba. Mabiya mazhabar Ja'afariyya ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo. Cikin Kiristoci, 'yan cocin Adventist masu ibada ran Asabar su ma haka. Akwai kuma maƙwabta Yarbawa da aro ke cikin abin da gidansu ya gada ba a ci. Ban da waɗanda kawai ƙyanƙyaminta suke ji, suna cewa ba abin da ba ta ci. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da muke cewa shi ne, a unguwa irin tamu, inda kwanon suna da na biki ke tsallaka katanga ya shiga gidan da ba addininku ɗaya ba, “ga miyar kifi” bai isa ba. In aka ce “tarwaɗa ce a ciki”, ko “aro ne, Mama”, an ba mutum damar ya ci da natsuwa ko ya miƙa wa wani ba tare da an ji kunya ba. Wannan ma haƙƙin maƙwabtaka ne.

In muka bar kasuwa da kicin, sunan yana da wata rayuwa a cikin zance. Mutumin da ba a iya kama shi da magana, ka bi ta nan ya zame ta can, cewa ake santsi gare shi kamar tarwaɗa. Mai bin bashi ya fi kowa sanin irinsu. Amma kalmar nan dai, in ta faɗa bakin mata ana gyaran amarya, yabo ce: jiki ya yi sumul kamar tarwaɗa. Santsi ɗaya ne, a hali aibi, a fata ado. Wanda kuma ya sha wuya iri-iri bai karye ba, akan ce ran tarwaɗa gare shi, don duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kashe ta ya san sai an yi da gaske. Yaron da bai san kifin da sunansa na Hausa ba, in kakarsa ta jefe shi da ɗaya daga cikin waɗannan, zai yi dariya ne kawai don ya ga ana dariya, bai san ko zaginsa aka yi ko yabonsa ba.

Haka karin maganar kifin rijiya. A garuruwanmu na Arewa akan jefa tarwaɗa a rijiya ta riƙa cinye ƙwari, don ita ce ke iya jure wannan zaman. Tana nan a raye shekara da shekaru, amma duniyarta ba ta wuce da'irar sama da take hangowa ba. Mu mazauna Kudu mun saba yi wa 'yan'uwanmu na gida wannan gorin, wai mu ne muka ga duniya. To amma wanda ya san taitus da kote da shawa da panla, kifayen ƙanƙara da jirgi ke kawowa daga tekun wasu ƙasashe, bai san bargi da yauni da giwan ruwa na kogin ƙasarsa ba, shi ma ai wata rijiyar yake ciki, ta dai fi faɗi ne kawai. Taitus ɗin ma da muke ji da shi, suna ɗaya ne a kan kifi biyu: na ƙanƙara daban, na cikin gwangwani sadin ne. Giwan ruwa kuwa shi ne wanda ake fafatawa a kansa a bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934. Yauni shi ne eja osan da maƙwabtanmu ke sa wa cikin kayan aure, suna biyan kuɗi mai yawa a kansa. Yaranmu da dama sun san shi da sunan Yarbanci, in ka ce yauni sai su yi zuru.

Ba cewa muke yi a daina Yarbanci ko Turanci ba, Allah ya kiyaye. Da su muke ci, da su muke zaman lafiya. Wanda ya je Bodija ya tsaya yana “tarwaɗa, tarwaɗa” a gaban Iya eleja ai shi ya so wahala. A ce aro a inda aro ke aiki, a ce katfish a inda takarda ta bukata. Amma in an shigo gida a sauke su a zaure tare da takalmi. Harshe ba a rana ɗaya yake tafiya ba. Da ƙananan abubuwa yake farawa, sunan kifi, sunan tsuntsu, sunan ciyawa, abubuwan da ba wanda zai yi faɗa a kansu. Gaisuwa da zagi su ne ke fita a ƙarshe. Duk mun san gidajen da Hausarsu ta rage daga “ina kwana” sai “ubanka”.

Abin da za mu iya yi ba shi da tsada. Uwa in za ta aiki yaro, ta faɗi sunan kifin sosai, in ya dawo da wani daban ta nuna masa bambancin a tire kafin ta sa wuƙa: ga fiffike, ga wutsiya, ƙirga gashin bakin. In tana wanke yauƙin da toka ko gishiri ko ruwan zafi da lemun tsami, ta bar 'yarta ta tsaya kusa, don a nan ake koyon kalmomi irin su yauƙi da ƙarni da ƙaya, ba a aji ba. Masu sayar da busasshen kifi, ku da shugabannin kasuwarku, ku daidaita a kan kiran ta kiwo da sunanta, wanda ya saɓa a ja masa kunne tun a cikin gida kafin bare ya ja mana gaba ɗaya. Samari masu waya kuma, akwai dattawa a unguwar nan da suka yi su a Yawuri da Baga da Haɗeja kafin su gangaro, wasunsu na nan zaune a ƙofar masallaci bayan la'asar ba mai tambayarsu komai. Ku je ku gaishe su, ku ce “Baba, wannan kifin me kuke ce masa a garinku?” Za ku ji sunaye sun fi ashirin, za ku ji na Kabi ya saɓa da na Haɗeja a wasu, har su kaure da gardama. Ku ɗauki muryarsu, ku rubuta, ku kawo wa wannan mujalla a buga. In an samu koma da mamari da gura da birgi a ciki, kayan aikin da suka ci abinci da su, duk a haɗa.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kawo mu nan da sunayen abubuwa a bakinsu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya sa albarka a kasuwarmu, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya. Amin.